Ƙullin Surukina

Tun ranar da muka dawo daga ƙasar Mayahi ban zauna lafiya a rumfar tela ba. Da na shimfiɗa tabarma sai wani ya ce, "To shef, yaya can?" In na ba da labari yau, gobe wanda bai zo ba ya ce a sake masa, waɗanda suka riga suka ji kuma su riƙa gyara mini. Har an kai inda ake cewa mota ta kife da mu, wai kuma na kwana uku ban ci abinci ba. Mota ba ta kife ba. Maganar abinci kuwa akwai ƙamshin gaskiya, zan zo kanta. Ga shi na rubuta sau ɗaya, wanda ya iya karatu ya karanta wa sauran, ku bar ni in huta.

Kun sani, tun da aka sauya tuta, muka samu mulkin kai, gujiya ta yi daraja, ko'ina gina magaza ake yi, inda za a tara buhuna kafin manyan motoci su kwashe. Kamfanin da nake wa aiki ya samu ginin ɗaya a wani gari cikin ƙasar Sarkin Hausa, can gaba da Mayahi. Mu goma sha biyu aka tura daga Tasawa, aka ce ni ne shef, wato shugaban aiki. Ba don na fi kowa iya gini ba ne. Na yi lakkwal, makarantar boko, shekara huɗu, ina karanta takardar Faransanci in ba ta yi tsawo ba, dalilin ke nan. Wanda ya fi kowa iya gini a cikinmu surukina ne, mahaifin matata Rabi, kuma ba zan kama sunansa ba ko a takarda. Baba nake ce masa. Shi ya koya mini aza bulo, shi ya ba ni ɗiyarsa, yau ga shi an ɗora ni a kansa.

Ana gobe za mu tashi anjiniyan kamfani ya kira ni biro, wato ofishinsa. Ya tuna mini wani magini da ya faɗo bara a wani shantiye, wato wurin aikin gini, wanda har yau yana kwance, sai an juya shi. Ya miƙo mini hular kwano uku da takarda ɗaya. Abin da ke cikin takardar kaɗan ne: kowace safiya shef ya duba ƙullin rumfa kafin kowa ya hau. Rumfa ita ce azarun da muke kafawa jikin bango, mu ɗaure da igiya, mu shimfiɗa katako mu tsaya a kai in gini ya fi ƙarfin tsayin mutum. Na ce, "Wi, mushe," kamar yadda ake amsa wa manya da Faransanci, na fito. A ayarinmu Baba ne ke ɗaure rumfa tun kafin a haife ni, shi ne kuma ke fara hawa. Ni kuwa tun damina na lura sai ka yi magana yake gane ka, in ya riƙe moɗa ruwan yana rawa. Gidansu gadon gini suka yi, a bakinsa kullum maganar ɗaya ce, su a gidansu ba a faɗowa. To wane suruki ne zai je ya taɓa ƙullin uban matarsa, a gaban mutane, ya ce bai yi ba?

Rabi ta san duk wannan. Da safe ta ɗaure mini ƙullin goro, ba ta dube ni ba ta ce, "Ni ba ni son tsaraba. Ka kai mini Baba, ka maido mini shi da ƙahwahunshi."

Kamiyo ɗaya muka shiga, babbar motar kaya, an cika shi da siminti da kwanon rufi da azara. Baba ya zauna gaba kusa da direba. Ni shef, tunda ba zan goga kafaɗa da surukina ba, na hau can bisa buhunan siminti tare da leburori. Hulunan nan uku muka raba su yadda ake raba komai a wurinmu, wato bisa girma: ɗaya Baba, ɗaya ni, ɗaya Tanko, wanda ke bin Baba a shekaru. Hanyar kuwa yashi ce zalla. Sau huɗu mota ta kafe kafin azahar, kowane karo mu sauka mu shimfiɗa kwanon rufin ƙarƙashin taya mu tura. In kun je kun ga rufin magazar nan yana da ɗan lanƙwasa daga gabas, kada ku zargi kafinta, mota ce ta fara taka shi.

Bayan la'asar muka shiga Kanan-Bakashe, kasuwa tana watsewa, mu duka fari fat da garin siminti. Wani mai awon gujiya, Ɗan Jimma, ya sauke mu. Mutumin kirki ne, kirkinsa ne ma ya kusa kashe ni. Ya ji an ce ga shef ga babban magini, sai ya ware mu biyu a zaure, ya sa aka kawo mana akushi ɗaya. Tuwon hatsi ne da miyar kuka, an dama mata gujiya har ta yi kauri. Su can komai sai sun sa gujiya, ina jin in ka nemi ruwan alwala ma sai an tambaye ka ko a jefa maka kaɗan. Ƙamshi ya cika zaure, cikina yana kuka, na ce na ƙoshi.

Ɗan Jimma ya ɓata rai. "Mutanen Tasawa, ba ku cin tuwon ƙauye ne? Ko mun yi muku laihi?"

Baba yana sa loma a hankali ya ce, "Bar shi, maigida. Shef ne, takarda shike ci."

Na fita kamar zan duba kaya, na sayi ƙuli-ƙuli wurin wata tsohuwa, na tsuguna bayan mota ina ci ina leƙe. Wannan ne asalin labarin kwana ukun da kuke ji.

Washegari muka gangara Gulbin Kaba. Sunan gulbi ne kawai, babu ruwa ko na wanke ido, sai goriba da kaba iyakar gani. A gangaren ne azarun da ke bayan mota suka zame gaba ɗaya suka zubo, saura kaɗan su tafi da ƙafar Tanko. Baba ne ya ɗaure su da hannunsa. Kowa ya sani, amma direba ya ce ai laifin hanya ne, muka ce ƙwarai kuwa.

Kusa da wurin akwai rijiya, injin mota kuma ya yi zafi, sai muka je neman ruwa. Ban taɓa ganin rijiya mai zurfi haka ba. Sa ne ke jan igiya, sai ya yi tafiya har ka fara tunanin ya gudu kafin guga ta fito. Shi ya sa mutanen can ba su wasa da igiya. Na ga kowa kafin ya saki guga sai ya bi igiyar da tafin hannu, ya taka bakinta ya ja ƙullin da ƙarfinsa, ko da shi ya ƙulla, ko da ubansa ne ya ƙulla. Mu nan da tafkunanmu a bakin gari, igiyar guga ta tsinke ka sa ƙugiya ka ciro. Can in ta tsinke shanu sun wuni da ƙishi.

Wani Bafulatani dogo, siriri, mai furfura a gemu, ya bar shanunsa ya zo kallon azarunmu. Ja'e sunansa. Ya ɗauki igiyar ya juya, ya dubi fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya har ya tsaya kan zanen da ke kumatun Baba. Kakannin Baba Barebari ne, kun kuwa san abin da ke tsakanin Barebari da Fulani, wasa ne da ba a fushi da shi.

"Na sani," in ji Ja'e. "Wanga ƙulli sai Babarbare. Bawana, da wannan kake ɗaure akuya? Ai sai ta riga ka zuwa gida."

Na ji kamar in nutse. Sai na ji Baba ya fashe da dariya, irin wadda ban taɓa ji daga bakinsa ba tun da na shiga gidansa. "Kai ɗan daji, mi ka sani ban da wutsiyar saniya? Ka taɓa kwana cikin ɗaki mai kusurwa?"

Suka yi ta yi, Ja'e yana zagi yana sake ɗaure mana kayan, Baba yana ramawa yana riƙe masa bakin igiya. Da za mu tashi Ja'e ya ce shi ma kudu ya nufa, gonakin Sarkin Hausa, inda aka gama girbi ana son taki.

A bakin Mayahi akwai shinge, gungumen giginya ne aka aza kan ganga biyu, da wani gardi, ɗan sandan gwamnati, mai gashin baki. Da ya hango huluna uku suna ƙyalli sai ya ƙame ya sara mana. Da ya gane magina ne, haushin sarawar ya kama shi, ya ce sai ya duba ko gujiya muka ɓoye za mu fitar ta bayan fage. Na nuna masa takarda, ya ce buhu ba ya karatu. Ya soka ƙarfensa na binciken kaya cikin buhu ɗaya ya zaro, siminti ya tsiyayo ya cika masa takalmi. Ya ɗaga gungume muka wuce.

Mun isa, an ba mu gidan wani da ya tafi cin rani, muka fara aiki. Sati biyu na farko ina barci lafiya, don gini yana ƙasa. Da bango ya wuce kai aka kafa rumfa, Baba ya ɗaure, ya hau. Ni ina ƙasa da takardata a aljihu, ina kallon katako yana ɗan motsi duk sa'ad da ya taka. Na ga ƙulli ɗaya yana saki a hankali. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Sannu da aiki, Baba."

Sai na yi dabarar matsorata. Bayan sallar asuba, kafin a taru, na je na kwance ƙullin duka na sake ɗaurewa. Baba ya zo, ya ɗora hannu kan na farko, ya tsaya. Idonsa ya rage, amma yatsunsa sun san aikinsu.

"Wa ya taɓa mini rumhwa?"

Kowa ya kama aikin gabansa. Ni ina can ina duba wani bulo da babu abin da ya same shi. Ya kwance su ɗaya bayan ɗaya, ya sake ɗaurewa da kansa. Na ji kunya ƙwarai, na kuma ji tsoro, don yanzu na ɓata masa rai kuma ƙullin yana nan yadda yake.

Kwana biyu bayan haka na je rijiyar garin, don masu kawo mana ruwan kwaɓa siminti sun gaza. Wa zan gani? Ja'e, da sansa da igiyarsa. Na ja shi gefe. Na ce kamfani yana son mai jan ruwa, ya ce to. Na ce akwai kuma wani ɗan aiki, na yi ta kewaye-kewaye. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Kai dai kana so in zagi surukinka kowace sahiya. Wannan ko ba ka roƙe ni ba."

Da safe ya zo da ruwa, ya ajiye, ya nufi rumfa kai tsaye kamar gonarsa. Ya kama azara ta farko ya rataya da duk nauyinsa. Ta riƙe. Ta biyu ta riƙe. Ta uku ta zame, katako ya karkato, bokitin da ke kai ya faɗo ya kife. Leburori suka daskare.

"Bawana," in ji Ja'e, "nan za ka hau? In ka hwaɗo wa zai yi mini noma?"

Baba ya zo ya shafa wurin, ya ce igiyar ƙasar Fulani ce ba ta da mutunci, ya sake ɗaurewa. Ja'e ya sake rataya, ta riƙe. Sai Baba ya juya ya ce, "To nawa kaɗai aka gani? Ja na kowa. Ja na shef."

Ni na ɗaure igiyar da muke jan bokitin siminti sama. Ja'e ya taka ya fizga sau ɗaya, ta kwance ta bar shi da bakinta a hannu. Dariyar da aka yi mini ranar har matan da ke sussuka a bayan gari sai da suka ɗago kai. Tanko yana share hawaye yana cewa a lakkwal ba a koyar da ƙulli. Ban ji haushi ba ko kaɗan, don da nawa ya kwance, na Baba ya daina zama abin magana.

Daga nan abin ya zama al'ada, muna ce masa jan safe. Ba mai hawa sai an ja. Da farko Ja'e kaɗai ke yi, daga baya leburori suka fara jan na junansu, wanda nasa ya zame a yi masa waƙa har azahar. Aka wuce igiya aka shiga tsani, aka shiga katakon da ya tsage. Wani ma ya fara kwashe ƙusoshin da muke bari a ƙasa, don Ja'e ba ya sa takalmi kuma bakinsa ba ya gajiya. Shi ne ya dubi hulunanmu wata rana ya ce, "Ku uku kuna sama da kwano a kai, mi zai hwaɗo muku, tsuntsu? Ga masu miƙa bulo a ƙasa kansu a buɗe." Muka dubi juna. Wata guda muna sanye da su bisa girma, babu wanda ya yi wannan tunani. Baba ya cire tasa ya jefa wa mai kwaɓa siminti, ya ce dama tana sa shi ƙaiƙayi. Ƙullin Baba kaɗai ne ba mai taɓawa sai Ja'e, kuma kusan kullum sai an samu ɗaya da ya saki.

Muna haka zafi ya tsananta, gajimare ya fara tasowa daga gabas. Manoma suka fara sharar gona, wato lokacin da ake sallamar shanu ya yi. Ja'e ya zo ya ce gobe zai yi arewa. Na roƙe shi kwana biyar, ya ce shanu ba su san kwana biyar ba. Ya bar wa Baba igiya sabuwa da ya tufka da kaba, ya ce ya riƙe don tunawa da ubangidansa. Abin da ya rage mana kuwa shi ne wuri mafi tsawo, ƙololuwar bangon da rufi zai zauna a kai, rumfa hawa biyu.

Safiyar da ba Ja'e, Baba ya ɗaure rumfa kamar kullum. Leburori suka ja na junansu, suka ja tsani, suka ja igiyar bokiti. Sannan kowa ya tsaya. Babu wanda ya hau, babu wanda ya matsa kusa da ƙullin Baba. Tanko ya samu abin kallo a sama. Ni na sa hannu a aljihu na taɓa takardar anjiniya, na tuna Rabi, na tuna mutumin da sai an juya shi, amma ban matsa ba. Da Baba ya kama tsani a lokacin, wallahi ban san abin da zan yi ba.

Bai kama ba. Ya zauna kan bulo, ya fuskanci bango, ya yi magana kamar da bangon yake.

"Yau ba a jan sahe ne? Ko shantiyen ba shi da shef?"

Na cire takalmina, ban san dalili ba, na je. Na rataya a ta farko, ta riƙe. Ta biyu ta riƙe. Na hau tsani zuwa hawa na biyu, inda zai tsaya, na kama azarar na saki nauyina. Ta zame kamar an shafa mata mai, katakon ya tafi ƙasa ya daki yashi. Babu wanda ya yi dariya.

Na sauko na tsuguna a gabansa, kaina a ƙasa. Ya juya wajen katakon da ya faɗo. Sannan ya ɗauko igiyar da Ja'e ya bar masa ya ajiye a gabana.

"Tun muna Tasawa na san hannun ya tahi," in ji shi. "Kai nike jira ka hwaɗa mini. Sai ka je daji ka ɗauko mini Bahillace." Ya ɗan yi murmushi. "Daga yau kai ka ɗaure, ni in ja. Nauyi dai har yanzu ina da shi."

Na ɗaure. Ya tashi ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana rataya, ya sa na sake biyu, ɗaya da gaskiya, ɗayan ina jin don ya rama ne. Sannan ya hau ya gama ƙololuwar nan da kansa, kuma ku je ku gani, babu layin bulo da ya kai ta miƙewa a duk ginin.

Dawowa ba ta da labari, sai dai gardin Mayahi ya ɗaga mana gungume tun daga nesa. Da muka iso Rabi tana ƙofar gidansu. Ba ta dubi fuskar kowa ba, ƙafafun Baba ta duba sa'ad da yake saukowa daga mota. Ina daga baya ina sauke kaya na ji ta tambaye shi yadda aiki ya kasance.

"Lahiya lau," in ji Baba. "Mijinki ya iya ɗauri yanzu. Magana ce har yau bai iya ba."

Ku da kuke wucewa ta shantiyenmu na bakin kasuwa da safe kuna ganin dattijo yana lilo jikin azara, kuna tambayata ko lafiya, to lafiya ƙalau. Ƙullina yake ja.